Ba A Yi Wa Malam Gyara

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin Turanci a wata sakandare a Managil, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Duk Alhamis zan hau boksi, wato motar haya, in koma ƙauyenmu da ke bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, da jaka a hammata da biro a aljihun gaba ko da ba abin da zan rubuta. Abin da na koyar a makon shi nake zuwa in sauke wa mutanen gida, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Wani mako darasin da ya fi burge ni shi ne na kalmar da Turawa ke kiran karatu da ita. Na buɗe ƙamus na ga abin ya ƙi ƙarewa. Ka zauna da littafi kai kaɗai, ita ce. Ka tashi gaban jama'a ka karanta da ƙarfi, ita ce. Lambar da mitar wuta ta nuna, ko na'urar awon jini, ita ce. Yadda ka fahimci wani al'amari wani kuma ya fahimce shi daban, ita ce dai. Har idan littafi ɗaya ya iso ta hannu biyu, wannan ya ce kaza wancan ya ɗan saɓa, kowanne da wannan kalmar ake kiransa. Na ɗauko wannan kaya niƙi-niƙi na kai wa kakana, mahaifin mahaifiyata, wanda yake limamin ƙauyenmu tun ba a haife ni ba.

Na same shi a ƙarƙashin rumfar karan da ke ƙofar ɗakinsa, yana zaune bakin gadon igiya, ana dafa masa jabana, wato gahawa. Ni da shi wasan kaka da jika ne tsakaninmu. Tun da na fara koyar da Turanci ya raɗa mini suna Hawaja, wato Bature.

"Hawaja, mi kak kawo muna yau?"

Na zazzage masa duka. Ya saurara yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ashe Turawan naka matalauta na. Kalma guda sunka samu suna ta aza mata kaya kamar jaki." Ya yi dariya har da tari. Can ya ce in maimaita masa ta ƙarshen, ta littafi ɗaya da ya zo ta hannu biyu. Na maimaita. Ya gyaɗa kai ya ce, "To nan sun yi hankali. Abin da muka hwaɗi ke nan tun tuni, ba a ji."

Aka kawo jabana muka sha. Da ya ajiye finjali ya dube ni ya ce, "Hawaja, mi kak kawo muna yau?" Na yi dariya na ce tsohon nan ba ya gajiya da tsokana, na sake zazzage masa daga farko. Ya sake yin dariyar a daidai inda ya yi ta ɗazu.

Sai na yi muku bayanin abin da yake nufi da ba a ji. Kakanninmu da suka taso daga Yamma a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a nan ƙasar har zangon ya zama gida, sun zo da karatunsu na Littafin Allah. Ruwayar da suka zo da ita ba ita ce ta rediyo da makarantun gwamnati ba. Inda waccan ta ja, tamu tana iya taƙaitawa, inda waccan ta tsaya da ƙarfi tamu tana sassautawa. Malamai sun san duka ingantattu ne. Amma ba kowa ne malami ba, kuma mu mutane ne da ba a rasa mai son koya mana yadda ake magana.

Lokacin mahaifiyata tana yarinya wani mai sayen gyaɗa ya kwana a ƙauyenmu ya bi kakana magariba. Kun san yadda ake yi a ko'ina: idan liman ya yi tuntuɓe a aya, wani daga baya ya ɗaga murya ya faɗi daidai, liman ya karɓa a ci gaba. Wannan baƙo ya yi ta yi wa kakana gyara a inda ba kuskure, ran kasuwa kuma ya je yana ba da labari wai Fallata, sunan da suke kiranmu da shi, ko sallarsu da gargada suke yi. Bayansa wasu suka zo, ɗalibai masu hutu, masu wa'azi da ke yawo da mota, kowa da gyaransa. Ran nan dattawa suka zauna suka yanke magana ɗaya: a masallacinmu ba a yi wa Malam gyara. Baƙo tun a wurin alwala ake tare shi a gaya masa. "Ya zol, bawan Allah, barka da zuwa. Limaminmu ba a buɗa baki a bayanshi." Na taso ina alfahari da wannan doka. Mutumin da kullum ake tambayarsa asalinsa daga ina, ko da kakansa a nan aka binne shi, ya san daɗin ya samu wuri ɗaya da ba mai gyara masa.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne mutuwa. Abokan haddar kakana sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Dattawan da suka rage manoma ne, gajerun surori suka riƙe. Mu matasa a makaranta da waya muka koyi namu, a ruwayar rediyo. Mutum ɗaya ya rage a ƙauyen da ya riƙe karatun kakana daga farko har ƙarshe, ita ce mahaifiyata. Ita ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa Uwata yake kiranta. Ya zaunar da ita gaban allo tun tana ƙarama har ta sauke ta haddace, kuma da hantsi matan aure gidanmu suke zuwa ɗaukar karatu. Ba ta shiga masallaci, amma bangon masallacin shi ne bangon tsakar gidanmu, lasifikar kuma tana ɗaure a bishiyar da ke inuwar madafarta.

A daminar shekarar wani abokina ya dawo daga birnin Madani, inda ya yi karatun addini. Tare muka taso, tare muka yi wanka a tur'a muka sha bulala. Mutum ne mai sanyi, in kuna hira sai ka matso kafin ka ji shi. Wata Juma'a da magariba yana sahun farko ina na biyu. Kakana ya gama Fatiha ya kama sura da muryar nan tasa mai ɗan rawa. Yana cikin tafiya sai na ji abokina ya ɗaga murya ya karanto wata aya. Kakana ya ɗan dakata, bai karɓa ba, ya ci gaba da abin da yake. Abokina ya sake. Na ji mutumin da ke gefena numfashinsa ya canza.

Ana sallamewa kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya miƙe ya cakumi wuyan jallabiyar abokina. "Kai ɗan wane na? Ba nan anka yanke ma cibiya ba? Ka tahi Madani kwana biyu ka komo ka gyara ma wanda yar raɗa ma suna?" Aka taru ana ba da haƙuri, wasu na zuga. Na leƙa wajen kakana. Yana zaune ya juyo ga jama'a da carbi a hannu, yana kallon hayaniyar da wata irin fuska. A lokacin na ce haƙurin manya ne. Yanzu na san bai gane abin da ake yi ba ne.

Washegari na tare abokina a kan gadar tur'a da niyyar in wanke shi tas.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ka bari in yi magana," in ji shi. "Na san karatun Malam. An karantar da mu shi, ingantacce na, ba ni da ja. Amma abin jiya ba bambancin ruwaya ba ne. Ya shiga sura guda, da yak kai inda ayoyi ka kama da juna sai ya hita ta wata sura. Kuma wallahi ba jiya yaf fara ba. Tun da nid dawo nike ji."

Na ce masa sun wanke masa kai, shi ma ya zama irin mai sayen gyaɗa. Ni da idan liman ya wuce gajerun surori sai dai in bi da amin, ni ne na tsaya kan gada ina yanke hukunci kan wanda ya iya da wanda bai iya ba. Ya dube ni kawai ya ce in je in tambayi mahaifiyata.

Na same ta tana kisra, tana shimfiɗa ƙullu a kan kasko. Na ba ta labari har da ƙarin gishiri, ina jiran ta tashi da faɗa. Ba ta ɗago ba.

"Mi yac ce, daidai yadda yaf faɗi?"

Na maimaita mata. Ta bar kisrar nan a kan wuta har gefenta ya yi baƙi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Sannan ta ce, "Ya yi gaskiya."

"Inna?"

"Tun cirar auduga nike ji. Da farko sau guda a mako. Yanzu kusan kullum." Ta nuna bangon da haɓa. "In ya kauce nakan faɗi daidai daga nan, a hankali. Ga ni ga bango. Wa ka ji na?"

Na tambaye ta me ya hana ta magana duk watannin nan. Ta ce ta yi. Ta kira kawuna ɗaki ta gaya masa, ya ce, "Yaya, kar in koma jin wagga magana." Ba mugunta ce ta sa shi ba. Kawuna ya san ranar da kakana ya bar gaban sahu, karatunmu ya bar masallacin ke nan, domin ba namijin da zai ɗauka. Shi a wurinsa wannan da rushe masallacin duk ɗaya ne. "To in tahi wurin wa?" in ji ta. "In tara dattawa in ce musu ni, daga bakin murhu, na ji liman ya ɓata? Ko in tahi in duba idon Baba in gaya mai?"

Da ƙyar na shawo kan kawuna muka kai kakana asibiti a Managil, da sunan ciwon gwiwa. Likitan mutum ne mai ladabi, ya ɗaura masa na'ura a hannu, ya ɗebi jini, duk lambobin suka fito lafiya lau. Ya tambaye shi wane wata muke ciki. Kakana ya ce, "Diktor, ga kalanda bisa kanka, ni za ka tambaya?" Duk muka yi dariya har da likitan. A bakin ƙofa likitan ya ja mu gefe ya ce shekaru ne, mu riƙa lura da shi, abin yakan ƙaru. Kawuna bai ji wannan ɓangaren ba, ko ya ji ya ajiye shi a Managil. Muna sauka daga mota ya shaida wa duk wanda ke ƙofar masallaci cewa diktor ya ce Malam tamam yake, jininsa ya fi na yaro kyau. Abokina ya daina zuwa masallacin, ya koma yin sallarsa a gona.

Haka muka ci gaba har dawa ta fitar da kai. Dattawa in sun ji wani abu baƙo a karatun sai su ce Malam ya san abin da yake yi. Matasa in sun ji sai su ce ruwayarsu ce ta da. Kowa ya samu inda ya rataye shakkarsa.

Ranar da ba zan manta ba wata magariba ce, masallaci cike saboda an dawo daga jana'iza. Kakana ya yi kabbara ya fara Fatiha. A tsakiyarta ya tsaya. Na ɗauka numfashi yake ja. Shiru ya yi tsawo. Ya koma baya ya maimaita ayar da ya wuce, ya iso wurin, ya sake tsayawa. Lasifika tana ɗauke da numfashinsa tana watsa wa ƙauyen gaba ɗaya. Babu mutum ɗaya a masallacin nan da bai san aya ta gaba ba, kowa da ita ya tashi. Amma mun shekara da shekaru muna koya wa bakinmu kullewa a bayan wannan mutum, ranar da ake bukatar ya buɗe sai ya ƙi. Kowa na jiran wani ya fara.

Sai muryar ta zo ta saman bango. Muryar mahaifiyata ce, da ƙarfi, irin yadda take yi wa ɗalibanta. Ta faɗi ayar sau ɗaya ta yi shiru. Kakana ya karɓa ya ƙarasa. Aka idar da salla, kowa ya ɗauki takalminsa kansa a ƙasa. Har yau ban ji mutum ɗaya a ƙauyenmu ya ta da maganar muryar nan ba.

Washegari da hantsi mahaifiyata ta sallami matan da suka zo karatu, ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Ta durƙusa gaban gadonsa a rumfa kamar yadda take yi tana yarinya.

"Baba, saurara min tilawa."

"Bismilla, Uwata."

Ta fara. Ya lumshe ido yana buga gwiwa da yatsa. Wannan mutum ne da ake ba da labarin yana alwala a bakin tur'a ya jiyo kuskuren ɗalibi daga cikin gari ya aiko a gyara. Da ta yi nisa sai na ji ta tsallake aya ɗaya da gangan. Yatsansa bai tsaya ba. Ta ci gaba, ta tsallake wuri mai yawa. Da ta kai ƙarshe ya buɗe ido ya ce, "Madalla. Ba ki bar komi ba."

Ta sa goshinta a bakin gadon. Ta jima a haka. Sannan ta ɗago ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ta gaya masa na sura da ke fita ta wata sura, da na abokina, da na jiya. Ni na shirya wa faɗa, na zaci zai kore mu ko ya ce an haɗa baki da 'yan Madani. Ya dubi tafin hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Tun cirar auduga, Baba."

"Tun cirar auduga." Ya dubi gonakin da ake hangowa ta kan danga, dawa ta kusa yanka. "Kuma kunka bar ni? Sallar mutane tana wuyana, kunka bar ni ina ja su?" Muryarsa ta karye. "Kun ji kunyata, ba ku ji tsoron Allah ba."

Ban taɓa ganin hawayen kakana ba sai ranar. Ya sa aka kira masa abokina daga gona. Da magariba ya kama hannunsa a gaban kowa ya kai shi gaba, shi ya koma sahu. Ya ce wa jama'a su yafe masa. Kawuna ya fita waje ya yi sallarsa shi kaɗai a kan yashi.

Da a nan abin ya tsaya da na ce mun samu sauƙi. Washegari da aka kira magariba kakana ya yi alwala, ya naɗa rawani, ya shiga masallaci ya wuce gaba kai tsaye. Bai san an yi jiya ba. Abokina ya ja baya yana waige-waige. Kawuna ne, shi da ya fi kowa ƙin abin, ya je ya kama hannun mahaifinsa ya fito da shi yana cewa ana nemansa a gida. A gida kakana ya tambayi mahaifiyata wa ke jan salla a masallacinsa yana raye. Ta durƙusa ta gaya masa. Ya ce, "Tun yaushe?" Ta faɗa. Ya ce, "Kuma kunka bar ni?" Ya yi kukan da ya yi jiya, sabo fil, kamar yau ya fara ji.

Haka aka yi kwana da kwanaki. Ba kullum ba, amma sau da yawa. Shi yana mantawa ya kwana lafiya, ita ce ke kwana da shi. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Na roƙe ta ta ce masa gwiwarsa ce, ko likita ne ya hana shi tsayuwa, ko wani abu dai. Ta ce, "In ya tambaye ni tuwo zan iya ce mai ya ci ko bai ci ba. Bisa salla zan yi mai ƙarya? Shi yak koya min ita." Na yi fushi da ita ranar, na ce taurin kai ne. Na koma Managil ban yi mata sallama ba, mako na zagayowa kuma na dawo da sukari da shayi ina sunkuyar da kai.

Ita da kanta ta samo hanya. Ta lura duk ruɗewar da zai yi, abu ɗaya bai bar jikinsa ba: malami ba ya tashi ɗalibi na karatu a gabansa. Sai ta riƙa zuwa kafin a kira salla ta durƙusa ta ce, "Baba, saurara min." Ta yi ta karatu har a idar a masallaci, sannan ta ce lokaci ya yi, ya yi tasa a rumfa tana daga bayansa tana ɗora masa in ya tsaya. Aka kwance lasifikar daga bishiyarmu aka mayar da ita ɗaya gefen, ta fuskanci gonaki. Daga lokacin karatun rediyo ake yi a masallacinmu. Abokina ya yi ƙoƙari ya zo ya ɗauki namu wurin mahaifiyata ta bayan labule, amma noma da iyali suka ci lokacinsa, bai yi nisa ba.

Sannu a hankali kakana ya daina tambayar masallaci. Ya daina kirana Hawaja, ya koma gaishe ni da ladabi irin na baƙo, abin da ya fi zagi ciwo. Wata Alhamis da la'asar sakaliya na iso na same shi da mahaifiyata a rumfa. Tana karatu, ya lumshe ido, yatsa na buga gwiwa. Na zauna a gefe. Ranar muryarta ta yi daɗi ƙwarai, ta ja sura mai tsawo ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Da ta rufe ya buɗe ido ya dube ta da fara'a.

"Baiwar Allah, wa yak koya miki karatu?"

Ta ce, "Babana."

"Kai, ya iya. Wallahi ya iya. Irin namu na, na Yamma, ba a samun shi yanzu." Ya matso kaɗan. "Yana da rai?"

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata. Ya dube ta da tausayi, irin kallon da na sha ganin yana yi wa mutanen da ya je yi wa ta'aziyya, ya ɗaga hannuwansa biyu.

"Allah shi jiƙan shi. Allah shi sa karatun nan shi cece shi. Ki yi haƙuri, ɗiyata."

Ta ce, "Amin."

Ya rasu lokacin girbin alkama, a cikin barcin rana. Abokina ne ya yi masa salla. Gidanmu ya cika da mata daga ƙauyukan bakin tur'a har da na wajen Rufa'a, ana ta kuka. Mahaifiyata tana zaune tana amsa gaisuwa idonta a bushe, har na ji wasu na gulmar taurin zuciyarta a bayan ɗaki.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Ban iya zargin dattawan da suka kafa dokar nan ba, domin na san zafin a gyara maka abin da ka faɗa daidai, a kuma yi maka dariya a kai. Sun so su kare shi daga wulaƙanci, kuma sun kare shi shekaru masu yawa. Sai dai ƙofar da suka toshe don kada raini ya shigo, ta nan ne taimako zai shigo ranar da ya bukata. Mun ƙaunace shi har muka bar shi shi kaɗai a gaban sahu. Yau idan na ga babban mutum da kowa ke cewa na'am ga duk abin da ya faɗa, ba ya burge ni, tsoro nake ji masa. Ni kaina furfura ta fara, kuma na gaya wa 'ya'yana ranar da suka ji na fara maimaita tambaya kada su yi mini dariyar ladabi. Sun ce to, amma na ga yadda suka dubi juna, na san su ma za su ji kunyata.

Mahaifiyata tana nan, ta tsufa, matan da ke zuwa karatu sun ragu. Har yanzu ban iya jin ta tana tilawa in zauna a wurin ba, sai in nemi abin yi a waje. Bara ina gida na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, me ya sa ba ta yi kuka ba ranar da aka fita da shi. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Ni an riga an yi min gaisuwar Baba tun yana zaune," in ji ta. "Shi da bakinshi ya yi min."